Kurkum na Tukunya da Kurkum na Kafso: Shin Amfaninsu Ɗaya Ne?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure mai albarka. Kwanan nan wani saƙo yana ta yawo a wayoyin mata, ana cewa kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, yana maganin sanyin ƙashi da ciwon suga da gyambon ciki, har ma da ciwon daji, kuma a ƙarshen saƙon sai a ga hoton robar kafso mai ruwan ɗorawa tare da lambar wayar mai sayarwa. Mu dai mun taso mun san kurkum a cikin kori da ake zuba wa shinkafa da kuma haɗin gyaran jikin amare, ba mu san shi a matsayin abin da ake haɗiya safe da yamma ba. Ina roƙon masana da ke cikinmu su warware mana: amfanin da ake faɗa gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, ɗan abin da muke barbaɗawa a girki ya wadatar, ko kuwa sai an sayi kafso?

Alhaji Mai Kayan Yaji: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a cikin kayan yaji na tashi a Kasuwar Kurmi, kuma tun ana auna kurkum da ƙaramin gwangwani don masu gyaran amare har aka zo yau da ake sayen mudu guda don sha. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna saye su haɗa da citta da zuma su dama a ruwan zafi, su dawo su sake saye, kuma ba wanda zai ci gaba da kashe kuɗinsa a kan abin da bai ji daɗinsa ba. Mutanen Indiya sun shafe dubban shekaru suna amfani da shi a abinci da magani. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja.

Baban Zara (mai harhaɗa magunguna): Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ban musa cewa masu sayenka suna jin sauƙi ba, amma tambayar Hajiya tana da lissafi a cikinta, kuma gara a fara da lissafin kafin a kai ga hukunci.

Kurkum saiwa ce, ɗan'uwan citta ne na jini, kuma sinadarin da ke ba shi launinsa shi ne ake kira kurkumin, wanda masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara warewa a 1815. Kusan duk amfanin da ake dangantawa da kurkum, a kan wannan sinadari aka gwada shi. To amma kurkumin bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin kurkum ba. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar giram 2 zuwa 3 na gari, ke nan kurkumin ɗin da ke cikinsa yana kaiwa wajen miligiram 40 zuwa 150, kuma wannan cokalin a tukunyar gida guda ake zuba shi, mutum bakwai ko goma su ci. Kafso ɗin da ake tallatawa kuwa yawanci miligiram 500 ne na tataccen sinadari wanda aka tace har ya kai kashi 95 cikin ɗari, ana kuma umartar mutum ya sha biyu ko uku a rana. Wanda ya bi wannan umarni ya sha abin da ya ninka na mai cin shinkafa da kori wajen sau ɗari.

Matsala ta biyu ita ce jiki ba ya karɓar kurkumin da daɗin rai. Ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya tsallaka kuma hanta tana sauya shi ta fitar da shi cikin gaggawa, har ta kai an ba mutane giram da yawa an auna jininsu, abin da aka tarar bai taka kara ya karya ba. Shan garin a ruwan zafi zalla kusan zuba ruwa ne a kwando. Saboda haka ne kamfanoni suke haɗa shi da piperin, sinadarin da ke sa baƙin masoro yaji, suna dogaro da wani gwaji da aka yi a Bangalore ta Indiya a 1998, inda miligiram 20 na piperin ya ninka abin da ke shiga jini daga giram 2 na kurkumin har sau 20. A riƙe wannan batu na piperin, domin za a sake buƙatarsa idan an zo maganar illa.

Ɗalibi a Indiya: Ina so in ƙara a kan abin da Alhaji ya faɗa, tun da a ƙasar nake zaune. Gaskiya ne Indiya ce ke noma mafi yawan kurkum na duniya, kusan kashi uku cikin huɗu, kuma garuruwa irin su Erode da Nizamabad da Sangli da shi aka san kasuwanninsu. Babu girkin da za a ɗora a gidan da nake haya ba a jefa shi cikin mai mai zafi tare da albasa ba, idan yaro ya kama mura a dama masa rabin cokali a madara mai ɗumi, ana kuma shafa wa ango da amarya kwaɓinsa kafin biki. Har shari'a suka yi a kansa: a 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wa cibiyar lafiya ta Jami'ar Mississippi haƙƙin mallakar amfani da kurkum wajen warkar da rauni, sai hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna cewa kakanninsu sun daɗe da sanin haka, aka soke haƙƙin a 1997. Sai dai a lura, duk wannan dogon tarihi na saiwa ne da gari, a cikin mai ko madara, daidai abin da yatsu uku za su ɗiba. Tataccen kafso mai masoro a ciki bai daɗe da shigowa ba, kuma bai kamata ya ari shekarun da ba nasa ba.

Maman Ihsan: Na gode, Malam Baban Zara, na gode ƙanena na Indiya. To ke nan batun ciwon gwiwa da ciwon suga duk tatsuniya ce?

Dakta Ummu Hani: A'a, 'yar'uwa, ba duka ba ne tatsuniya, kuma ba na son mu fita daga wuce gona da iri na masu talla mu faɗa wa na masu ƙaryata komai. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon gwiwa na tsufa, wanda guringuntsi ke zaizayewa. A 2014 an wallafa wani gwaji daga Tailan a kan mutum 367, rabi aka ba su miligiram 1,500 na tataccen kurkum a kullum, rabi kuma miligiram 1,200 na ibuprofen, tsawon mako huɗu. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya yi kusan daidai, kuma masu shan kurkum sun fi ƙarancin ƙorafin ciwon ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsohuwar da ibuprofen da danginsa suka riga suka ƙwaƙule mata ciki ko suke barazana ga ƙodarta. A 2020 kuma wani ƙaramin gwaji a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, mutum 70 cikin mako 12, ya nuna raguwar zafi matsakaiciya idan aka kwatanta da waɗanda aka ba wa ƙwayar da ba komai a cikinta, amma da aka ɗauki hoton gwiwar, ruwan kumburin bai ragu ba, guringuntsin ma bai sauya ba. Ma'ana yana iya rage raɗaɗi, ba ya mayar da gwiwar da ta zaizaye sabuwa.

Game da suga, abin da masu talla suke yawan ambata shi ne gwajin 2012, shi ma daga Tailan, a kan mutum 240 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Bayan wata tara, kashi 16 cikin ɗari na waɗanda ba su sha kurkumin ba sun kamu da ciwon suga, a cikin masu sha kuwa ba a samu ko ɗaya ba. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma gwaji ne guda a gari guda, kuma a kan masu jiran ciwo aka yi shi, ba masu fama da shi ba. Abin da yake tayar mini da hankali a asibiti shi ne majiyyacin da ya karanta irin saƙon da kika ambata, ya ajiye metformin ko allurar insulin ya koma kafso, sai bayan watanni a kawo shi da gyambo a ƙafa ko ganinsa ya fara dushewa.

Maganar ciwon daji kuwa, ina roƙon kowa ya daina tura ta. Kurkumin yana kashe ƙwayoyin daji a cikin kwanon gwaji, amma abubuwa da yawa suna yin haka a kwano su kasa a jikin mutum. A 2017 wasu masana haɗa magunguna a Amurka suka bi diddigin gwaje-gwaje fiye da 120 da aka yi a kan mutane, suka ce kurkumin sinadari ne mai ruɗin na'urorin gwaji, yana nuna kamar yana aiki a wuraren da ba ya yi. Ƙari a kan haka, Bharat Aggarwal, wanda ya yi aiki a cibiyar ciwon daji ta MD Anderson a Texas kuma ya fi kowa yayata cewa kurkumin na yaƙar daji, mujallu sun janye maƙaloli fiye da 20 da ya sa hannu a kansu saboda matsalar hotuna da bayanan da ke ciki. Matar da ta ji ƙullutu a nononta, ranar da ta ɓata tana shan kurkum ta rage mata damar warkewa ne.

Hajiya Mai Dilka: Dakta, sannu da ƙoƙari. Mu a Maiduguri sana'armu ba ta tafiya sai da kurkum, muna kwaɓa shi a dilka mu murje amarya, fatar ta yi sumul ta ɗauki haske. Yanzu kuma 'yan mata sun fara tambaya ko su riƙa shan kafso ɗin domin hasken ya fito daga ciki. Me zan ce musu?

Dakta Ummu Hani: Hajiya, ki ce musu su tsaya a shafawa. Hasken da kurkum ke bayarwa a fata rini ne da kuma aikin murza, wanda ke cire matacciyar fata, ba abin da ke tasowa daga jini ba. Kuma ko a shafawar, akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya, don haka a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu kwana biyu kafin a shafe jikin amarya ana gobe kamu.

Alhaji Mai Kayan Yaji: Dakta, ranki ya daɗe, na ji bayaninki kuma na ji daɗi da kika yarda yana taimakon gwiwa. Amma ko da bai yi duk abin da ake faɗa ba, ai tsiro ne da Allah ya fitar daga ƙasa, idan bai yi magani ba ba zai yi illa ba. Ban taɓa jin wanda kurkum ya kwantar ba.

Baban Zara (mai harhaɗa magunguna): Alhaji, a nan ne zan saɓa maka da babbar murya, cikin girmamawa. Zaƙami ma daga ƙasa yake fitowa, kuma kowa ya san abin da yake yi wa mai hankali. Ba ka ji wanda kurkum ya kwantar ba saboda gari kake sayarwa, garin kuma jiki ba ya ɗaukar mai yawa daga cikinsa. Kafso mai piperin labarinsa daban ne, domin aikin piperin shi ne hana hanta da hanji saurin fitar da sinadarin, kuma wannan dabarar da ta ƙara masa ƙarfi ita ce ta buɗe ƙofar illa.

A 2019 hukumomin lafiya na Italiya suka tattara mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, har aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin roba. A Amurka, cibiyar da ke bin diddigin cutar hanta da magunguna ke haddasawa ta ba da rahoton mutum 10, biyar an kwantar da su, ɗaya ya rasu, kuma bakwai daga cikin goman suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado guda, abin da ke nuna cewa akwai jikin da tun asali ba ya jure shi, mai shi kuma ba zai sani ba sai abin ya faru. Faransa ta yi nata gargaɗin a 2022, Ostareliya a 2023. Adadin ba shi da yawa idan aka duba miliyoyin masu sha, wannan gaskiya ne. Amma kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato miligiram 180 ga mai kilo 60, kuma kafso guda na miligiram 500 ya haura wannan kusan sau uku.

Abin da ya sa na fi damuwa da mu a nan shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, da yawa kuma ba su taɓa yin gwaji ba. Ga masu shan maganin tarin fuka na watanni shida, wanda shi kansa nauyi ne a kan hanta. Ɗora tataccen kurkumin a kan irin wannan hanta ganganci ne.

Dakta Ummu Hani: Ina goyon bayan Malam, kuma zan ƙara waɗanda nake hana wa kafso ɗin kai tsaye. Mai shan maganin tsinka jini, musamman warfarin, domin hukumar magunguna ta New Zealand ta ba da labarin wani majiyyaci a 2018 wanda awon jininsa ya yi mummunan tashi makonni kaɗan bayan ya fara shan kurkum. Haka mai tsakuwa a matsarmama, saboda kurkumin yana sa ta matse, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, saboda kurkum yana da sinadarin da ke taruwa ya zama tsakuwar. Mai juna biyu da mai shayarwa su ci a abinci kamar kowa, su bar kafso. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya daina mako biyu kafin ranar, ya kuma faɗa wa likita, domin mutanenmu idan aka tambaye su ko suna shan wani magani sai su ce a'a, a zatonsu abin da aka saya a shagon maganin gargajiya ba magani ba ne. Duk wanda yake sha kuma ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko idonsa ya yi shawara, ko kasala da tashin zuciya sun dame shi, ya daina a ranar ya je a auna hantarsa.

Na Damagaram: Gaisuwa ga manyanmu. Mu nan yawancin robobin daga Kano ake shigo mana da su, wasu da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jiki. Wannan lamba ba ta nufin an tabbatar yana aiki?

Baban Zara (mai harhaɗa magunguna): Ɗan'uwa, duba lambar da kyau. Magungunan tsirrai da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, wanda ke nufin an duba cewa ba guba ba ne kuma an ba shi izini na wani lokaci, ba wai an gwada shi a kan majiyyata an ga yana warkarwa ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jikin robar ba. Wadda ba ta da lamba kwata-kwata kuwa, ba wanda zai iya ce maka ga abin da ke cikinta.

Ɗan Kaciya: Ni manomi ne a Kudancin Kaduna, citta ce babbar sana'armu amma muna sa kurkum a gefe, kuma ina so in ja hankali ga garin kansa, tun da an yi ta wanke shi daga zargi. Kurkum yana yin wata bakwai zuwa tara a ƙasa, idan ganyen ya bushe a tone, a tafasa saiwar, a shanya ta kusan mako biyu har ta yi tauri ta riƙa ƙara idan an buga biyu. Busasshiyar saiwa ta gaskiya bayanta ba ya sheƙi, launin ƙasa-ƙasa ne mai tamoji, sai ka karya ta za ka ga cikin ya yi ja-ja kamar kwanduwar ƙwan kazar gida. Masu saye kuwa sun fi son mai ɗaukar ido, daga nan ne marasa tsoron Allah suke samun ƙofar cuɗa gari da garin rogo ko masara su bi shi da rini.

Ɗalibi a Indiya: Yaya, abin da ka faɗa ya taɓa faruwa a Bangaladash ta hanya mafi muni. Masu goge saiwa a can sun riƙa barbaɗa mata wani rini mai ruwan ɗorawa da ake yin fenti da shi, wanda dalma ce a cikinsa, domin ta yi kyau a kasuwa. Masu bincike daga Jami'ar Stanford da wata cibiyar lafiya ta Dhaka suka gano haka a 2019 lokacin da suke neman dalilin yawan dalma a jinin mata masu ciki a karkara. Gwamnati ta shiga kasuwanni da na'urar awo, ta ci tarar 'yan kasuwa, ta manna sanarwa, kuma kurkum mai dalma a babbar kasuwar ƙasar ya sauko daga kashi 47 cikin ɗari a 2019 zuwa babu a 2021. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kanta. A lura kuma cewa a kan saiwar aka zuba rinin, don haka sayen saiwa kaɗai bai isa ba, sai an guji wadda bayanta ke ƙyalli tana barin ƙura mai launi a tafin hannu.

Alhaji Mai Kayan Yaji: Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ni da kaina nake kai saiwa inji a niƙa a gabana. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da tsofaffina masu shayin kurkum da citta. Duk gwajin da kuka lissafa, daga Tailan sai Tasmaniya sai Bangalore, a kan kafso aka yi su, ba a kan kofin da ake damawa a Fagge ko Gwammaja ba. Ga jami'o'i a Kano da Zariya da Sakkwato, ga cibiyar binciken saiwoyi a Umudike, me zai hana su auna namu na gida su faɗa mana ƙarfinsa?

Baban Zara (mai harhaɗa magunguna): Wannan buƙata ce mai kyau, Alhaji, kuma ina tare da kai a kanta. Kofin tsofaffinka ban hana shi ba: rabin cokali a rana yana cikin iyakar da aka ƙayyade, ɗumin ruwan da cittar ma suna da nasu aikin, kuma idan an dama shi a madara ko an ci bayan abinci mai maiƙo jiki zai fi ɗauka. Roƙona gare ka shi ne, idan mai saye ya ce maka mudu zai saya domin ya daina zuwa asibitin suga, ko ka ga idonsa ya yi ɗorawa, ka riƙe mudun ka tambaye shi wane magani likita ya ɗora shi a kai.